Malam Ibrahim, Jagoran Isawa

Yau za mu tuna da Malam Ibrahim, masanin Alƙur'ani da ya zauna cikin birnin Kano a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855.

Cikin karatunsa Malam Ibrahim ya yi ta lura da irin darajar da aka ba Annabi Isa, har ya soma koya wa almajiransa cewa Isa ne abin bi, kuma zai komo. Aka sa wa mabiyansa suna Isawa. Kada mu ƙara gishiri: ba a taɓa yi masa baftisma ba, babu kuma ko ɗan mishan ɗaya a Kano a lokacin. Abin da ya gane ne kawai ya riƙe.

Magana ta kai fada. Aka nemi ya janye koyarwarsa, ya ƙi. Wajen shekarar 1867 aka tsire shi a kasuwar Kurmi, a gaban jama'a, don kowa ya tsorata. Bai ɗauki makami ba, laifinsa ke nan ya faɗi abin da ya gaskata.

Almajiransa suka watse, da yawa suka nufi ƙasar Ningi. A 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka iske Likita Miller na mishan CMS a Zariya, suka ji bishara. Suka kafa ƙauyen Kirista a Gimi, ciwon barci ya kashe masu yawa, sauran suka koma Zariya, daga baya Wusasa.