Henry Ellacombe, Fasto Mai Kula da Ƙararrawa

An haifi Henry Thomas Ellacombe a ƙasar Devon ta Ingila a 1790. Ya yi karatu a Oxford, sa'an nan ya yi aikin injiniya a ƙarƙashin Marc Brunel a Chatham, wurin da ake ƙera jiragen ruwa. Amma ya bar wannan ya shiga hidimar ekklesiya. A 1817 aka kai shi ƙauyen Bitton, ya yi shekara 33 a can.

A zamanin nan majami'un Ingila suna da hasumiya mai ƙararrawa shida ko takwas, kowace da igiyarta da mai janta. Sai dai masu ja da yawa sun mai da hasumiya wurin shan giya. Sukan kira jama'a zuwa sujada, su kuwa su fita ba su ji wa'azi ba. Wannan ya dami Ellacombe ƙwarai. Da yake ya san aikin ƙarfe, wajen 1821 ya ƙago dabara: ya sa guduma a gindin kowace ƙararrawa, ya tattara igiyoyin wuri ɗaya, har mutum ɗaya amintacce ya iya buga su duka. Har yau akwai majami'u masu wannan na'ura, ana kuwa kiranta da sunansa.

Amma bai tsaya nan ba, gama guduma ba ta gyara zuciyar mutum. Ya rubuta ɗan littafi yana gargaɗi ga fastoci su riƙa hawa hasumiya, su san masu jan igiya, su ɗauke su ma'aikatan ekklesiya. A 1850 ya koma Clyst St George. Da tsufansa ya bi majami'u yana hawan tsani, yana rubuta abin da aka zana a jikin ƙararrawa. Daga nan littattafansa suka fito a kan na Devon a 1872, Somerset a 1875, da Gloucestershire a 1881. Ya rasu a 1885 yana da shekara 95.

Mu a Illela ba mu da irin hasumiyar nan. A wurare da yawa tsohon ƙarfen mota ne ake ratayawa a itace. Duk da haka, 'yan'uwa, bari mu tambayi kanmu: yaron da yake buga mana ƙarfe ran Lahadi, mun san shi? Yana shiga ya zauna tare da mu? Kada mai kiran jama'a ya zama shi ne ya rage a waje.