Walter Gowans, Saurayin da Bai Rage Kome Ba

Kowace shekara da kaka, ran da ake kawo baikon godiya a majami'armu a nan Gabi, ni ne nakan tsaya bakin ƙofa ina karɓar dammunan gero. Wani yakan ajiye nasa da sassafe ya wuce. Wani kuwa sai jama'a ta taru tukuna ya shigo da nasa a ka. Ni ma na taɓa yin haka. A irin ranar nan nakan tuna da Walter Gowans.

An haife shi a 1868. Ya yi girma a birnin Toronto, a ƙasar Kanada, a hannun uwa mai tsoron Allah, sunanta Margaret. Tun yana saurayi ya ji labarin ƙasar da Turawa ke kira Sudan a zamanin nan. Ba Sudan ta Khartum ake nufi ba, ƙasashen baƙar fata ne na kudu da hamada, har da ƙasarmu ta Hausa. Ya ji cewa mutane miliyoyi suna nan ba mai kawo musu Bishara. Ya bi ƙungiyoyin mishan yana roƙo su aike shi, suka ƙi, gama ba kuɗi, zazzaɓi kuma yana kashe Turawa. Duk da haka ya ɗaura niyya.

Uwarsa ba ta hana shi ba, ko da yake ta riga ta ba da ɗiyarta ga aikin Bishara a ƙasar Sin. Ita ce ma ta kira wani saurayi, Rowland Bingham, gidanta, ta yi ta ba shi labarin Sudan har ya yarda ya bi ɗanta. Na ukunsu Thomas Kent ne, mutumin Amurka.

Suka sauka Ikko ran 4 ga Disamba 1893, guzurinsu ɗan kaɗan. Wani babban ɗan mishan a can ya faɗa musu ba za su taɓa ganin Sudan ba, ko 'ya'yansu, sai dai watakila jikokinsu. Suka sayar da 'yan kayansu, suka duƙufa ga addu'a. Ana nan sai ga kuɗi daga Ingila. A ciki akwai na wata mai aikin gida wadda ta ci ɗan gado, ta aiko da shi duka. Ba wanda ya buga mata ganga. Ta tuna mini da gwauruwan nan mai anini biyu a cikin Markus sura 12.

Zazzaɓi ya kwantar da Bingham a Ikko. Gowans da Kent suka nufo arewa. A hanya Kent ya koma neman guzuri, Gowans ya ci gaba shi da yaransa. Zamanin yaƙi ne da kamun bayi. Ya faɗa tsakiyar masu hari, ya rasa kayansa, yunwa da ciwon ciki suka cinye jikinsa. Ya rasu a Girku, a ƙasar Zazzau, a watan Nuwamba 1894, yana da shekara 26. Bayan 'yan makonni Kent ma ya rasu a Bida.

Ka lura, ɗan'uwa. Gowans bai gina majami'a ba, bai yi wa kowa baftisma ba. In da lissafin kasuwa ne, sai a ce ya yi hasara ƙwarai. Mu mun saba ba da mudu muna sauraron tiya. Wani ma yakan yi kamar Hananiya da Safiratu a Ayyukan Manzanni sura 5, ya rage wani abu ya ce duka ke nan. Laifinsu ba ƙanƙantar baiko ba ne, ƙarya ce. Shi Gowans abin da ya ce ya bayar, shi ya bayar, bai kuwa ga ko ƙwaya ɗaya ta girbin ba.

A 1895 Bingham ya koma Toronto da 'yan tarkacen Gowans, ya kai wa uwarsa. Ba ta yi gunaguni ba. Ta nuna masa gara ɗanta ya mutu shi kaɗai a Sudan cikin biyayya, da ya zauna gida ya ƙi kiran Ubangiji. Ta ci gaba da tara mutane ana addu'a domin ƙasar da ta cinye mata ɗa.

Sai a 1902 mishan ɗin, wadda muka sani da sunan SIM, ta sami wurin zama a Pategi, bakin Kwara. A 1924 ta iso Damagaram, daga baya Tsibiri da Maraɗi. A 1956 ta buɗe asibitin kutare na Danja, nan ƙasar Madarunfa, inda mutanenmu na Gabi suke zuwa neman magani.