Saburo Sakai: Matuƙin Da Ya Dawo Da Ido Ɗaya

A watan Agustan 1942, a sararin samaniyar Guadalcanal, harsashi ya sami Saburo Sakai a ka. Matuƙin jirgin yaƙi ne samfurin Zero a rundunar sojan ruwan Japan. Idonsa na dama ya mutu, jini ya rufe masa fuska, amma a haka ya ja jirgin kusan awa biyar har sansaninsu na Rabaul. Kai, taurin rai! A 1944 ma ya sake komawa fagen daga.

Da yaƙi ya ƙare, sai ya ɗau alkawarin ba zai ƙara kashe mai rai ba, ko da sauro ne. Ya buɗe maɗaba'a, ya je Amurka ya gaisa da waɗanda ya yaƙa. A 2000 ya rasu, jim kaɗan bayan liyafar dare da hafsoshin Amurka a sansanin Atsugi.