Likita Mila na Zariya

Yawancin Turawan da suka shigo ƙasar Hausa a farkon ƙarni na 20, mulki ko ciniki ne ya kawo su. Walter Miller kuwa, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila, bangaskiyarsa ce ta kawo shi. An haife shi a ƙasar Ingila a shekarar 1872, ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke birnin London. Yana cikin Kiristocin nan da ake kira masu bishara. A wurinsu, haihuwa a gidan Kirista ba ta isa ta mai da mutum Kirista ba. Wajibi ne kowa ya ji saƙon Linjila da kunnensa, ya gaskata da zuciyarsa, sa'an nan ya sanar da wasu. Saboda wannan aƙida, maimakon ya zauna ya yi aikin likita a ƙasarsu, sai ya shiga ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila, wato CMS.

Tun da yake ba a isar da saƙo sai da harshe, abin da ya fara nema shi ne Hausa. A wancan zamani birnin Tarabulus, wanda ke ƙasar Libiya ta yau, matattara ce ta fatake da alhazan Hausa masu ƙetare Sahara. Can ya tafi koyo. A can ne ya sadu da wani yaro Bakatsine mai suna Abdul Majid, wanda ke kan hanyarsa ta zuwa Makka. Yaron ya wuce ya sauke farali, daga baya ya komo wurin Mila, ya zama mai taimakonsa wajen harshe da fassara. A ƙarshe ya karɓi baftisma, ya zama ɗaya daga cikin Hausawan farko da suka shiga Kiristanci ta hannunsa.

A shekarar 1900 Mila ya taso daga Ikko tare da Bishop Tugwell da waɗansu Turawa uku, suka nufi Kano. A lokacin Turawan mulki ba su riga sun ci birnin ba. Sarkin Kano Aliyu Babba ya ƙi ba su izinin zama, ya ba su 'yan kwanaki su bar garinsa. Suka koma Girku, wani ƙaramin gari a kudancin ƙasar Zazzau. A nan ciwo ya kashe ɗayansu, Dudley Ryder, sauran kuwa suka watse. Mila kaɗai ne cikinsu ya ƙare rayuwarsa a kan wannan aiki. Ya komo Girku, kuma a shekarar 1905 ya samu wurin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta.

Zaman bai zo masa da sauƙi ba. Mutanen birni Musulmi ne tun kaka da kakanni, suna da malamansu da makarantunsu. Sukan zo karɓar magani, su yi godiya, su koma gida da addininsu. Gwamnatin Turawa ma ba ta mara masa baya ba, domin Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa ba za a taɓa addininsu ba, aka kuma hana 'yan mishan wa'azi a garuruwan Musulmi. Shawarar da Mila ya kawo ta kafa makaranta domin 'ya'yan sarakuna ba ta tabbata ba. A shekarar 1909 gwamnati ta buɗe tata a Nasarawa ta Kano, a hannun Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa. Shi kansa Mila mutum ne mai kaifin harshe. Ya soki sarakuna da mulkinsu a fili, ya yi doguwar rashin jituwa da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, abin da ya sa mutane da yawa suka ɗauke shi abokin gaba.

A shekarar 1913 sai ga waɗansu baƙi sun zo neman sa. Su ne Isawa, mabiyan wani malamin Kano mai suna Malam Ibrahim. Wannan malami, ta karatun Alƙur'ani, ya ɗaukaka matsayin Annabi Isa har malaman birni suka ga ya wuce gona da iri, aka kashe shi a Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Almajiransa suka bazu cikin ƙauyuka, suna riƙe da abin da ya koya musu shekara da shekaru, ba tare da sun taɓa ganin ɗan mishan ba. Da suka sadu da Mila, waɗansunsu suka karɓi Kiristanci, aka kafa musu ƙauye a Gimi. Amma wurin yana da ƙudan tsando. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya kashe da yawa daga cikinsu, ƙauyen ya tashi, aka kwashe yaran da suka tsira zuwa makarantar Zariya.

A shekarar 1929 aka fitar da mishan daga cikin ganuwa zuwa Wusasa, inda aka gina coci da ƙasa bisa tsarin ginin Hausa, da makaranta, da asibiti. Mila kuwa ya mai da hankali ga aikin da ya fi damunsa, wato fassara. Dalilinsa a fili yake: idan bangaskiya al'amari ce tsakanin mutum da Ubangijinsa, to dole kowa ya iya karanta littafin da harshen da ya tsotsa. Ya yi aikin tare da mataimakansa Hausawa da 'yan mishan na sauran ƙungiyoyi, aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausar boko a shekarar 1932. Kiristocin ƙabilu da dama na Arewa, waɗanda Hausa ta haɗa su, suka yi shekaru suna ibada da wannan fassara.

Idan da yawan mabiya za a auna aikinsa, Mila bai samu abin da ya zo nema ba, gama Kano da Zariya sun ci gaba da zama garuruwan Musulmi. Sai dai 'yar jama'ar da ta taso a hannunsa ta yi tasiri fiye da yawanta. Daga cikinta aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkon kafuwarta. Akwai kuma John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga zuriyar Isawa ya fito. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya tashi.

Bayan ya bar CMS, Mila ya rubuta littattafai da Turanci a kan rayuwarsa da halin da Nijeriya take ciki. Bai koma Ingila ya ƙare kwanakinsa ba. Ya rasu a Bukuru kusa da Jos a shekarar 1952, yana da shekara 80, fiye da rabin ƙarni bayan ranar da Sarkin Kano ya sallame shi.