John Maynard Keynes, masanin da ya so a raba nauyin bashi

An haifi John Maynard Keynes a garin Cambridge na ƙasar Ingila ranar 5 ga Yuni, 1883. Mahaifinsa malamin jami'a ne, shi kuwa lissafi ya karanta. A 1906 ya zo na biyu a jarrabawar shiga aikin gwamnati, aka tura shi ofishin kula da harkokin Indiya da ke Landan.

A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi aiki a Baitulmalin Birtaniya, kuma yana cikin tawagar da ta halarci taron sulhu na Paris a 1919. Da ya ga irin diyyar da ake shirin ɗora wa Jamus, sai ya ajiye aiki, ya rubuta littafi yana gargaɗin cewa bashin da ya fi ƙarfin mai biya zai durƙusar da cinikin Turai baki ɗaya. Wannan littafi ne ya fito da sunansa a duniya.

Bayan karayar tattalin arziki ta 1929, miliyoyin mutane sun rasa aiki a Turai da Amurka. Yawancin masana na ganin gwamnati ta tsuke bakin aljihu har kasuwa ta farfaɗo da kanta. Keynes ya saɓa musu a babban littafinsa na 1936. A ganinsa, albashin ma'aikaci shi ne cinikin ɗan kasuwa, saboda haka idan kasuwa ta mutu, wajibi ne gwamnati ta kashe kuɗi a kan ayyuka, ko da za ta ci bashi.

A watan Yulin 1944 wakilan ƙasashe 44 suka taru a Bretton Woods ta Amurka domin tsara dokokin kuɗi na bayan yaƙi, Keynes na jagorantar tawagar Birtaniya. Shawararsa ita ce a kafa cibiya ɗaya ta daidaita lissafin cinikin ƙasashe, da wani kuɗi na musamman mai suna bancor. Ƙasar da ke da giɓi za ta gyara, amma wadda ta tara rara fiye da kima ita ma za a ci ta tara, domin ta buɗe kasuwarta ta saya daga wasu.

Amurka, wadda ita ce babbar mai bin bashi a lokacin, ba ta yarda ba. Tsarin wakilinta Harry Dexter White ne ya yi rinjaye. Aka kafa Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Bankin Duniya, aka jingina kuɗaɗen ƙasashe da dala, ita kuma dala da zinariya a kan dala 35 kowane oza. Nauyin gyara ya koma kan mai cin bashi shi kaɗai.

Duk da ciwon zuciya da ke damunsa, a 1945 ya jagoranci tattaunawar da ta samo wa Birtaniya rancen dala biliyan 3.75 daga Amurka. Ya mutu ranar 21 ga Afrilu, 1946, yana da shekara 62.

Najeriya ta shiga asusun a 1961. Waɗanda suka ga yadda darajar naira ta faɗi a ƙarƙashin shirin SAP na 1986 sun ɗanɗana abin da ake nufi da gyara daga ɓangare ɗaya. Har yau ba a kafa wata doka ta duniya da ke tilasta wa ƙasa mai rara ɗaukar rabonta na wannan nauyi ba.