Waliyyi Vincent de Paul: Shugaban da Ya Fara da Gyaran Kansa

A ranar 27 ga Satumba kowace shekara Ikilisiya tana tunawa da Waliyyi Vincent de Paul. Yawancinmu mun san sunansa ta wurin ƙungiyar nan mai ziyartar matalauta da marasa lafiya, wadda Frédéric Ozanam da abokansa suka kafa a Paris a 1833 suka sa mata sunansa. Amma kaɗan ne suka san cewa wannan bawan Allah bai fara da tausayi ba. Akan ce hali zanen dutse ne. Rayuwar Vincent ta nuna cewa alherin Allah, tare da naciyar mutum, yana iya sake zanen.

An haife shi a 1581 a ƙauyen Pouy da ke kudu maso yammacin Faransa. Iyayensa manoma ne, shi kuwa ya tashi yana kiwon tumaki da aladu. Da mahaifinsa ya ga yaron yana da kai, sai ya sa shi makaranta a garin Dax, daga baya har ya sayar da shanun nomansa biyu domin ɗan ya ci gaba da karatu a Toulouse. Duk da haka, wata rana da tsohon ya zo ganinsa a makaranta, Vincent ya ƙi fitowa, yana jin kunyar a gan shi da baƙauye mai ɗingishi. Har ya tsufa yana ambaton wannan laifi a gaban 'yan'uwansa firistoci cikin nadama.

Ya zama firist a 1600, yana ɗan shekara 19. Burinsa a lokacin shi ne ya sami muƙami mai kawo kuɗi, ya koma gida ya huta. Ya yi shekaru yana wannan nema, har ya kai Paris, inda a 1613 ya zama malamin 'ya'yan wani babban gida mai suna Gondi.

A shekarar 1617 abubuwa biyu suka juya shi. A watan Janairu aka kira shi wurin wani manomi da ke bakin mutuwa, wanda kowa ke ɗauka mutumin kirki ne, amma ya daɗe yana ɓoye manyan zunubai saboda kunya. Bayan mutumin ya furta su ya sami salama, Vincent ya yi wa'azin tuba a Folleville ranar 25 ga watan. Jama'a suka yi yawa wurin furta zunubi har ya kasa shi kaɗai, sai da aka nemo waɗansu firistoci. Nan ya gane cewa aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Na biyu ya faru a watan Agusta a Châtillon, inda ya karɓi wata ikilisiya. Ran Lahadi aka gaya masa akwai wani gida a bayan gari da kowa ke kwance ba lafiya, babu mai jinya. Ya faɗa wa jama'a cikin wa'azi. Da yamma ya kama hanyar gidan, sai ya yi ta gamuwa da mutane suna zuwa suna dawowa da abinci. Wani shugaba da ya yi murna ya tsaya nan. Vincent kuwa ya lura cewa abincin zai lalace cikin kwana biyu, masu gidan su koma yunwa. Tausayi yana nan, tsari ne babu. Cikin 'yan kwanaki ya tara mata, kowace ta ɗauki ranarta. Ya rubuta musu ƙa'ida mai shugaba da ma'aji, har ya umurta a fara da majinyatan da ke da dangi kusa, a ƙare da waɗanda ba su da kowa, domin a daɗe tare da su.

Amma akwai sauran aiki a cikin zuciyarsa. Shi da kansa ya yarda cewa mutum ne mai ɗaure fuska da kaifin harshe. Da ya sadu da Waliyyi Francis de Sales a Paris ya ga tawali'unsa, sai ya ga abin da ya rasa. A 1621, lokacin keɓewa domin addu'a a Soissons, ya roƙi Allah ya canza masa wannan hali. Ba a dare ɗaya ya canza ba. Idan ya yi wa wani tsawa, yakan koma ya durƙusa ya nemi gafara, ko da ƙarami ne a gidan.

Da halinsa ya yi laushi, mutane suka fara girma a hannunsa. A 1625 ya kafa ƙungiyar firistoci masu wa'azi a ƙauyuka. Louise de Marillac, gwauruwa mai yawan fargaba, ta zo neman shawara. Maimakon ya riƙe ta a gindinsa, a 1629 ya aike ta ta zaga ƙungiyoyin mata tana gyara su. Tare suka kafa ƙungiyar Sistoci 'Ya'yan Ƙauna a 1633, daga 'yan matan ƙauye irin su Marguerite Naseau, makiyayiyar shanu da ta koya wa kanta karatu. Idan ya taru da su, yakan fara jin ra'ayinsu kafin ya faɗi nasa. A 1642 ya nemi ya sauka daga shugabanci, 'yan'uwansa suka ƙi. Littafin ƙa'idar firistocinsa kuwa sai a 1658 ya raba musu, bayan shekara 33, domin ya so a gwada kome a aikace kafin a mai da shi doka.

Ya rasu a Paris ranar 27 ga Satumba, 1660, yana da shekara 79. Paparoma Clement na 12 ya sa shi cikin waliyyai a 1737, Paparoma Leo na 13 kuma ya naɗa shi majiɓincin ƙungiyoyin ayyukan jinƙai a 1885.

Ya ku katikis, shugabannin Zumuntar Mata, na matasa da na mawaƙa, da 'yan majalisar ikilisiya: ƙungiyoyi da yawa sun watse saboda harshen shugaba, waɗansu kuma saboda ya rungume kome shi kaɗai. Kowa ya tambayi kansa: wane hali nawa ne ke korar mutane? Wa na taɓa danƙa wa aiki na bar shi ya yi? Idan na sauka gobe, aikin zai tsaya da ƙafafunsa? Vincent yana da shekara 40 lokacin da ya roƙi sabon hali, saboda haka kada wani ya ce lokacinsa ya wuce.

Waliyyi Vincent de Paul, ka yi mana addu'a. Amin.