Taƙaitaccen Tarihin Satchel Paige (1906-1982)

An haifi Leroy Paige, wanda aka fi sani da Satchel, a garin Mobile na jihar Alabama ta Amurka a shekarar 1906. Tun yana yaro aka kai shi gidan gyaran hali na Mount Meigs, kuma a can ne ya ƙware wajen jifa da ƙwallo.

A wasan besbol, majefi shi ne ƙashin bayan ƙungiya. Aikinsa shi ne ya jefa ƙwallo da ƙarfi da dabara, yadda abokin karawa zai kasa dukanta da sanda. Paige ya shiga wannan sana'a a 1926, sai dai a wancan zamani manyan ƙungiyoyi ba su ɗaukar baƙar fata. Don haka ya shafe fiye da shekara 20 a gasar baƙaƙen fata, musamman a ƙungiyar Kansas City Monarchs, yana haɗawa da ci-rani a Kuba da Meziko. Ƙuruciyarsa duk a nan ta ƙare.

Sai a 1948, shekara guda bayan Jackie Robinson ya buɗe ƙofa, ƙungiyar Cleveland ta ɗauke shi yana da shekara 42, lokacin da tsararrakinsa sun daɗe da yin ritaya. Duk da haka ya ci wasa shida, aka ci shi sau ɗaya tak, ƙungiyar kuma ta ɗauki kofin shekarar. A 1965, yana da shekara 59, ya sake jifa na zagaye uku ba a ci shi ba. An shigar da sunansa Zauren Gwarazan Besbol a 1971. Ya rasu a Kansas City ranar 8 ga Yuni, 1982.